Rijiyoyin Abarshi

Shafi na 215

Masu tambaya tun hantsi, "Mushe, ina shafin yau?", ga shi. Ya makara. Ku yi haƙuri, in kuna da shi.

Bari in fara da wani ɗan aibina. Ba na sauraren saƙon murya har ƙarshe. Da na ji abin da nake nema sai in danna in tsayar. Ni na ɗauka dabarar mai aiki da yawa ce. Matata Saratou ta ce rashin tarbiyya ne. Yau an raba mana gardama.

Waɗanda suka shigo jiya da shekaranjiya, ga inda muke. Ni ne Badamasi, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Konni (shi ya sa ake ce mini Mushe), shekara hamsin da biyu. Na fara littafi uku, na fara barin goro sau shida, na fara kiwon zabi. Abu ɗaya ne na fara ban bari ba, shi ne wannan: shafi ɗaya kullum a kan mahaifina Abarshi, mahaƙin rijiya a Badagishiri, wanda zazzaɓi ya kashe ina shekara huɗu.

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana baki da baki. "Na Konni" take ce mini, shi ma sai ta bakin wani. Shi ya sa na tsara aikin haka: ƙanwata Sahiya ta tambayi Inna, ta turo mini saƙon murya, in rubuta da safe, in karanta wa Baffa Tanimun, ƙanen mahaifina da ya riƙe ni tun rasuwar, shi kuma ya ce "haka anka yi", sannan in sa muku a intanet. In ja layi a kalanda. Kwana ɗari biyu da goma sha huɗu, babu giɓi.

Kwana uku ke nan Sahiya ba ta turo komai ba. Na kira, waya a kashe. Ajiyar labarin da nake da ita ta ƙare jiya.

Shi ya sa yau Asabar na shiga mota zuwa Badagishiri. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Rabona da garin wata goma sha ɗaya. Ba zan ce muku kewar uwa ce ta kai ni ba. Kalanda ce.

Na iske Sahiya a tsakar gida tana tsince albasa, ta ware mai kyau gefe, ruɓaɓɓa gefe. Ta ɗago ta dube ni, ta koma kan albasarta.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Ina wuni?"

"To mi ya kawo ka, Yaya?"

"Wayarki a kashe."

"Ai ba ta kunnuwa kuma. Inna ta jehwa ta randa."

"Randa?"

"Ta ce mutumin da ke ciki ya daɗe shina magana, shina jin ƙishi."

Na yi dariya. Na ɗauka ba'a ce. Ita ba ta yi ba.

Na zauna kan turmin da aka kifa, na fito da kaye da bik, wato littafin rubutuna da biro. Na ce tunda na zo, ba sai an yi nisa ba: ta shiga ta tambayi Inna labarin rijiya ta arba'in da biyu, ni ina nan daga waje ina ji.

Sahiya ta ajiye albasar da ke hannunta.

"Babu rijiya ta arba'in da biyu."

"To ta arba'in da ɗaya ta ƙarshe?"

"Babu ta arba'in da ɗaya. Babu ta arba'in. Yaya, rufe kayenka."

Ban rufe ba. Sharaɗina ne, in na buɗe ba na rufewa sai shafi ya cika.

"Tun shafi na ashirin da ukku Inna ba ta ƙara ce mini komi ba bisa Baba."

"To wa ke ba ki labarin?"

"Ni."

"Ke kuma wa ke ba ki?"

"Ni, na ce ma. Ina jan ruwa ina shiryawa. In na gama girki in ɗauka in turo ma."

Wata kaza ta zo ta tsaya tsakaninmu tana duban albasar. Na daɗe ina kallonta. Kaza ce ja, ƙafarta ɗaya da zare shuɗi.

"Macijin fa?" na ce. Kun tuna shafi na ashirin da huɗu, ranar da aka jawo guga aka ga maciji a naɗe ciki, mahaifina yana ƙasa bai ko yi tari ba.

"Na uban Almoustapha na, maƙwabcinmu. Shi ma ba guga ba ta, buhu na."

"Ɗanɗana ƙasa da shike yi shi san nisan ruwa?"

"Rediyo."

"Attajirin da Baba ya ƙi haƙa ma rijiya don ya hana matan gari ɗibar ruwa?"

"Wannan nawa na, tun daga tushe. Ya yi kyau ko?"

Ya yi kyau. Shafi na ɗari da arba'in ne. Mutum saba'in da wani abu daga cikinku suka sa hoton kuka. Wani bawan Allah daga Malbaza ma ya rubuto cewa ya san attajirin, kuma rijiyar garkar kakansa, wato lambunsa, Abarshi ne ya haƙa ta, har yau ba ta taɓa ƙafewa ba. Malam, in kana karantawa, ka binciki kakanka.

"Sahiya, kin san mutum nawa ke karanta wanga abu?"

"Na sani. Ni ma ana karanta mini. Wani wuri har gyara kake yi, ka ƙara mishi tsawo. Ni ban ce dogo na ba."

"Don mi?"

"Don mi mi?"

"Don mi kinka yi mini haka?"

Ta goge hannu a zaninta. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi.

"Ranar da Inna ta hita da sahe tana biɗar awakin da anka saida tun kahin a yi mini arme, anka tsinto ta bakin kwalta ba takalmi, na turo ma na ce yau babu labari, Inna ba ta lahiya. Ka tuna mi ka ce?"

Na tuna na ce Allah ya sawwaƙe.

"Ka ce Allah shi sawwaƙe. Sannan ka ce ko layi biyar na in samo ma, kada in karya ma jeri."

Haka ne. Ni na ɗauka zazzaɓin damina ne.

"Sai na ba ka macijin uban Almoustapha, don haushi. Na ce bari in ga ko ka gane. Ka turo ka ce wanga shi na mahi kyau tun da munka hwara."

"To ba sai ki hwaɗa mini gaskiya ba daga baya? Ki ce Inna hankalinta ya taɓu?"

"Na hwaɗa ma."

"Yaushe?"

"Kullum."

"Sahiya."

"Kullum, Yaya. In na ƙare labarin sai in ce, to, ga kuma halin da muke ciki. Ina gani alama ta yi shuɗi, ka ji ke nan. Ba ka taɓa cewa uhum ba. Sai na ce to, ɗan Konni na, haka sunka iya."

Na fito da wayata. Na buɗe saƙonninta. Na danna na makon jiya, minti shida da ƴan daƙiƙu. Na ja shi zuwa inda na saba tsayawa, wurin da take cewa "shi ke nan na yau". Na bar shi ya wuce.

Muryar Sahiya ta ɗan yi shiru, ana jin tukunya. Sannan ta ce Inna ta ƙi cin abinci sai an ce mata na baƙi ne ya rage. Ta ce likita ya ce ba ciwon da ke warkewa ba ne, a dai riƙa kula da ƙofa. Ta ce in na samu hali in zo tun tana gane wasu.

Na danna na watan jiya. Inna ta kira Sahiya da sunan yayar Inna da ta rasu.

Na danna wani na can baya. Sahiya tana cewa, "Yaya, wai kana ji kuwa?"

Na kashe. Ita tana zaune gabana ta ci gaba da tsince albasa, kamar muryar ba tata ba ce.

Na jira in ji wani abu a ƙirjina. Mutum ya kamata ya ji. Abin da na samu kaina ina yi shi ne lissafi: ɗari biyu da goma sha huɗu a cire ashirin da uku, saura ɗari da casa'in da ɗaya. Malamin lakwal ke nan.

"Da kin daina turowa da na zo," na ce.

"Na sani. Ga shi na daina ka zo."

"To don mi ba ki daina ba tun can?"

Ta ɗauki wata albasa.

"Saratou ta kira ni ta ce wallahi ba ta taɓa ganin ka riƙe abu ya kai wata biyu ba sai wanga. Ta ce har tumbinka ya ragu. Ni kuma..." Ta jefa wata ruɓaɓɓiya gefe. "Kai ka gane shi shekara huɗu. Ni ina ciki ya tahi. Na ga babu laihi ni ma in samu uba, ko na hantsi zuwa azahar na."

Na rufe kayen.

"Amma Baffa," na ce. "Kowane shafi sai na karanta mishi. Bai taɓa cewa ba haka ba."

"Shi za ka tambaya. Tashi ka gaishe da Inna. Tana can cikin inuwa."

Inna tana zaune a inuwar rumfa kan tabarma, tana zare ganyen zogale cikin faranti. Ta rame, amma ba ramar da za ka ce ba ka gane mutum ba. Na durƙusa nesa kaɗan, inda na saba, na sunkuyar da kai, na yi gaisuwa. Shekara da shekaru na san abin da ke biyo baya: za ta juya fuska wajen katanga, ta ce wa katangar, "A ba na Konni ruwa."

Ba ta juya ba.

Ta dube ni tsaf, ido cikin ido. Akwai wani ɗan baƙin tabo a farin idonta na hagu. Ban san da shi ba.

"Lahiya lau, Malam. Matso inuwa mana, rana na dukanka."

Na matsa.

"Masu ƙidaya na?" Ta nuna kayen da haɓa.

"A'a."

"Masu rigakahi?"

"A'a, Inna. Malamin lakwal na."

"Daga ina?"

"Konni."

Fuskarta ta buɗe.

"Konni. To ka san ɗana? Badamasi. Badamasi na Abarshi."

Sunana ke nan, daga bakinta. Da nawa da na mijinta, duka biyu, a numfashi ɗaya, kamar mai kiran farashin tumatir. Na sha tunanin wannan rana. A tunanina akwai hawaye, wani lokacin har da ruwan sama. Abin da na lura da shi yau shi ne ƙafata ta dama ta sage, ga tururuwa tana hawa takalmina.

"Na san shi," na ce.

"Shina lahiya?"

"Lahiya lau."

"Shina cin abinci? Ba shi son kuɓewa. Tun shina ƙarami in an sa mishi sai shi ture."

"Har yanzu ba shi so."

"Ai na sani." Ta yi dariya, ta zare wani reshe. "Mi shike yi yanzu?"

"Littahi shike rubutawa."

"Ba shi gamawa."

Daga bayana na ji Sahiya ta yi wani ƙaramin tari.

"Wanga karon ya yi nisa, Inna. Kwana ɗari biyu da wani abu bai tsallake ba."

"Malam, ni na haihe shi. Yaron ga da wata tara ya miƙe ya yi taku huɗu, gida dut anka taru ana kallo. Sai ya zamna. Bai ƙara ba sai da ya shekara da rabi. Ya ga ya iya, shi ke nan, ya koma rarrahe. Jini na. Ubanshi ma haka."

Na ji hannuna ya buɗe kaye da kansa.

"Abarshi? Rijiya nawa ya haƙa?"

"Haƙawa ko gamawa?"

"Gamawa."

"Ukku."

Na rubuta uku. Ita ce kalma ta farko ta gaskiya da ta shiga kayen nan cikin wata shida.

"Hwarawa kam ya hwara da yawa. Hwadamar ga dut ramunanshi na. In ya kai zurhin gaba biyu sai wani ya kira shi wani wuri, sai shi ce ina zuwa. Mutane har waƙa sunka yi mishi. Amma in ya gama, ruwan da daɗi."

"Sai zazzaɓi ya ɗauke shi."

Ta daina zarar zogalen. Ta dubi ƙofa, ta dubi Sahiya, ta yi mata alama da hannu ta ba mu wuri. Sahiya ta koma wurin albasarta ba musu.

"Wa ya ce ma zazzaɓi?"

"Badamasi."

"Haka anka ce a ce mishi." Ta miƙo hannu. "Ba ni abin ga."

Na ba ta bik ɗin. Ta tura shi ƙarƙashin tabarma, ta zauna a kai.

"Kai baƙo na, gobe ka wuce. Ina hwaɗa ma, don ya yi mini nauyi. Amma ka rantse ba ka rubutawa, kuma ba ka hwaɗa ma Badamasi. Yaro na mai sa abu a rai."

Ku da kuke bina kun san dokokina. Na ƙi zuwa bikin ɗan abokina a Illela don kada in rasa safiya ɗaya. Na rubuta shafi na casa'in da ɗaya da ciwon haƙori, kumatu kamar na saka goro biyu. Duk don in kai ga abin da wannan tsohuwa ta sani. Ga shi za ta faɗa, ta zaune mini alƙalami.

Na rantse.

Ta yi magana har inuwar rumfar ta bar ƙafafuna. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta faɗi ranar, ta faɗi garkar da abin ya faru, ta faɗi abin da ta dafa da safen. Da a ce zan rubuta, shafi ɗaya ne cif, ba ragi ba ƙari, kuma ya fi duk ɗari biyu da goma sha huɗun nan. Da ta gama ta ce in gaishe da Badamasi, in ce masa ba komai, ya yi aikinsa. Sannan ta tambaye ni ko masu ƙidaya ne.

Bik ɗin yana can ƙarƙashinta. Ban tambaya ba.

Sahiya ta raka ni bakin hanya da ƴar leda ta albasa, ta Saratou.

"Ta sa ka rantse?"

Na leƙa hanya ko mota na tafe.

"Kai na biyar watan ga. Ta sa mai tallan nono, ta sa mai gyaran randa, ta sa wata Bahillata da ta shigo biɗar ruwa. Har likita ya rantse."

"Dut abu guda take hwaɗa musu?"

"Ina fa. Mai nono anka ce mata gehen rijiya ya rufta. Likita anka ce mishi igiya ta tsinke. Ni da nike laɓe na ji wata rana ta ce na bisa ya tahi salla ya bar na ƙasa, ya dawo ya iske shiru. Ni ma zazzaɓi anka ce mini tun ina ƙarama, kuma waɗanda za a tambaya garin ga sun ƙare. Ƙila dut ruɗewa ta."

"Ƙila."

"Abu guda dai ba ya sakewa."

Ni na rantse wa Inna. Ban rantse wa Sahiya ba. Don haka abin da ke biye nata ne.

"Kullum Baba na ƙasa. Kuma kullum mutum guda ke riƙe da igiya."

"Wa?"

"Kai ma ka ji, Yaya. Ko nan ma ba ka saurara har ƙarshe ba?"

Na saurara.

"Baffa Tanimun," ta ce. Mota ta tsaya, ta miƙa mini ledar.

A mota na ari bik wurin wani jandarma mai tafiya hutu, na rubuta wannan a kan gwiwa. In kun ga ya karkace, hanya ce. Na yi ta tambayar kaina ko in bar yau ta wuce babu layi a kalanda. Ban iya ba. Abu ɗaya na koya wa kaina a shekara hamsin da biyu, ga shi ya ƙi sakina.

Na iso Konni bayan la'asar. Baffa yana ƙofar gida kan kujerarsa ta roba, inda yake kullum. Mutumin da ya sa ni lakwal, ya yi mini aure, ya yi wa ƴaƴana huɗuba. Mutumin da tun da ya ɗauko ni bai ƙara kwana a Badagishiri ba, ni kuma ban taɓa tambayar dalili ba, don na ɗauka sauro ne.

"Mushe, yau ba karatu? Tun sahe nike jira."

"Akwai, Baffa."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na karanta masa tun daga "Masu tambaya tun hantsi" har zuwa igiyar. Ban tsallake sunansa ba. Bai katse ni ba. Yana riƙe da ɓarin goro, yana ta juya shi a yatsu, bai kai baki ba.

Da na gama ya daɗe yana kallon hanya. Wani ɗan kabu-kabu ya wuce, ya ɗaga masa hannu, ya amsa.

"Haka anka yi," ya ce.

Abin da ya ce ke nan ranar macijin ma.